Ranar da Na Goge Kwalaben Kyaftin

Yaya, ajiye jakar nan ki zauna, labari ne a bakina har ya yi min yawa. Kumatu ta taka! Wallahi da ƙafarta, babu mai riƙe da ita. Amma inda ta zaɓa ta taka ɗin, da abin da uwarta ta yi bayan nan, shi ne har yanzu in na tuna sai in ji kamar in shige ƙarƙashin gado. Bari in faro miki daga farko, in na faro daga tsakiya cewa za ki yi na zare.

Kin san Baban Kumatu ya bar shagon Oga, mutumin nan da ya koya masa gyaran kayan sauti tun yana ɗan saurayi. Ba faɗa suka yi ba. Shi ya ce ya iya, Oga ya ce da saura, shi kuma ya kwashe sukudirebobinsa ya dawo da su falonmu. Tun daga nan teburin cin abincinmu ya zama bencin aiki, mu kuma a ƙasa muke ci. Rediyon maƙwabta, sifikar masu shago, irin su yake ta gyarawa, har Allah ya kawo Kyaftin.

Kyaftin tsohon matuƙin jirgin sama ne, ya yi ritaya, ba shi da aiki sai jin kiɗa. Ba irin jin da muke yi muna wanke-wanke ba fa. Ɗaki guda ya ware, kujera ɗaya tal a tsakiya, ya zauna ya rufe ido. Yana da wata tsohuwar amfilifaya, na'urar da ke ba sifika ƙarfi, nauyinta ya kai na buhun siminti, a samanta akwai wasu kwalabe manya guda takwas a tsaye, huɗu na sifikar hagu, huɗu na ta dama. Su bawul suke ce musu, ni dai kwalabe nake gani. In an kunna sai cikinsu ya yi ja-ja kamar garwashi. To ita ce ta tsufa, ya ba Baban Kumatu ya sabunta ta. Sababbin sifikokin da za a haɗa ta da su kuwa a wajen Oga ya saya. Har Oga ya ce masa ya kawo amfilifayar ma shagonsa, yaron bai gama nuna ba, Kyaftin ya ce a'a, a bar yaro ya gwada. Ya kuma yi wa Baban Kumatu alkawari, in aikin ya yi kyau zai haɗa shi da abokansa masu irin wannan ciwon, kuma suna da yawa. A kan wannan alkawarin har Baban Kumatu ya je ya ga wani ɗan shago a bakin titi, mai shagon ya ce zai riƙe masa zuwa ƙarshen wata.

Yaya, Baban Kumatu ya sha wahalar kwalaben nan. Dozin guda ya sayo don ya zaɓi takwas. Na ce masa wannan ai ɓarna ce, ya ce ba haka ba ne, bibbiyu suke aiki, ɗaya ya tura ɗaya ya ja, dole a sami masu ƙarfi daidai da juna.

"Kamar ni da ke mu ɗauki teburin nan," in ji shi. "In na fi ki ɗagawa, miyar da ke kai a jikin wa za ta zube?"

Na ce, "A jikinka, don ni sakin teburin zan yi."

Na'urar da ake auna ƙarfinsu Oga kaɗai ke da ita. Ya danne zuciyarsa ya je ya roƙa, ya wuni a can yana aunawa, ya dawo ya jera takwas a ramukansu, huɗun da suka faɗi jarrabawa ya mayar kwali ya tura ƙarƙashin tebur. Kowane rami kuma akwai wani ɗan mitsitsin sukuru a gefensa, ya riƙa murɗawa yana kallon mitarsa ta awon wuta har harshensa na leƙowa. Da ya gama ya kunna da ƙananan sifikokinmu, wallahi sai da na leƙa bayan labule, na zaci matar da ke waƙar a ɗakin take.

Abu ɗaya ya ce min game da ita: kar in kunna. Bai taɓa cewa kar in goge ba. Ki riƙe wannan, don shi kaɗai ne abin da nake da shi na kare kaina.

Ranar da za a kai, da safe ya fita neman motar da za ta ɗauka. Na tsaya ina kallon abin. Ƙura ta kwanta a kai, ga shatin yatsunsa duk a jikin gilashin. Na ce a raina yanzu haka za a shiga da wannan gidan manya, su ce matarsa ƙazama ce? Na ɗage murfin ragar da ke kai, na ga tsumma ba ya shiga tsakaninsu. Na ɗan girgiza ɗaya, sai ga shi ya fito salin-alin. Ai kuwa na zare su duka na jera a tire. Na goge kowanne da ɗan ruwan sabulu, har wasu ɗige-ɗigen baƙin alƙalami da na gani a gindinsu ta baya, na sa farce na kankare tas. Ɗaya daga ciki kansa ya fi na sauran baƙi, kamar gilashin fitilar da ta yi hayaƙi, na goge na goge ya ƙi fita, ashe ta ciki ne. Na ce wannan ai ya ƙone, Baban Kumatu bai lura ba. Na jawo kwalin nan na zaɓo wanda ya fi kowanne sheƙi na sa a madadinsa. Na mayar da su ramuka, na rufe raga, na naɗe ta da bargo. Da ya dawo har ya ce, "Kai, sannu da aiki, kin hutar da ni." Na yi shiru da zancen gugar, ina jira sai an yaba a can in ce ni ce.

Abin da ya kai ni gidan kuwa, matar Kyaftin ce ta ce lallai a zo mata da jaririyar, jikokinta duk suna nesa. Muka tafi, ni da Kumatu a gaba, shi a baya rungume da amfilifaya kamar ita ce 'yar.

Yaya, kin ga ɗakin? Kafet ɗin in kin taka sai ƙafarki ta nutse. Bango duk an lulluɓe shi da wasu allunan yadi, wai don kar sauti ya yi tsalle. Faifai irin na garmaho cike da kanta har sama. Sifikokin kuwa biyu, kowacce ta kai tsayina, baƙaƙe, suna tsaye a kan wasu ƙusoshi masu tsini. Oga na tsugune gaban ta hagu da igiyar awo, yana matsar da ita kaɗan-kaɗan. Ya ɗago ya dube mu.

"A'a, injiniya ya iso. Har da 'yan rakiya."

Baban Kumatu ya durƙusa ya gaishe shi, ni ma na gaishe shi. Ya karɓi Kumatu ya ɗaga ta sama ya ce, "Ke dai kin yi sa'a, ba ki ɗauko kunnen ubanki ba."

Aka ɗora amfilifaya a kan benci, Baban Kumatu ya cire ragar don a ga kyanta, ya jona wayoyi, ya kunna. Kwalabena suka fara ja a hankali, suna ƙyalli, ni kuma kaina na ƙara girma. Sai matar Kyaftin, wata farar tsohuwa mai sanyin magana da kowa ke kira Mama, ta ja hannuna ta ce, "Zo mu bar su da haukarsu, 'yata." Muka koma falon da ke jikin ɗakin, ƙofa a buɗe, ina jin komai, ina ma hango bayan Baban Kumatu.

Tun kafin a sa faifai na ji wani ƙugi, uuuu, ƙasa-ƙasa kamar firji ya tsufa.

Kyaftin ya ce, "Wannan fa?"

"Bari ta ɗumama, ranka ya daɗe," in ji Baban Kumatu.

Ta ɗumama, ƙugi na nan. Aka sa faifai. Kyaftin ya zauna a kujerarsa ya rufe ido, bai daɗe ba ya buɗe. Ya ce mai waƙar ya kamata ta tsaya a tsakiya, daidai hancinsa, amma ga ta can ta karkata dama, kuma gangar da ke hagu kamar an cusa mata tsumma.

Daga nan aka shiga bincike. Baban Kumatu ya zare wayar na'urar faifai gaba ɗaya, ya ce wataƙila ita ke kawo ƙugin. Ƙugi bai tafi ba. Ya canja soket, ya kashe fitilun ɗakin, ya sa aka kashe na'urar sanyaya ɗaki, har firjin kicin sai da Mama ta tashi ta kashe. Yana nan. Ya musanya wayoyin da ke shigo da sauti, ta hagu ta koma dama, ƙugin bai motsa daga hagu ba. Ya koma bayan amfilifayar, inda akwai wajen ɗaura sifika mai om takwas da na mai om huɗu, wai ma'aunin yadda sifika ke jan wuta ke nan, ya kwance daga takwas ya mayar huɗu. Ƙugin ya ɗan rage, amma bai bar ɗakin ba. Ina hango rigarsa ta jiƙe ta manne a bayansa.

Duk wannan Oga na tsaye ya harɗe hannu. Can ya ce, "Musanya wayoyin sifikar mana. In ƙugin ya koma dama, amfilifayarka ce. In ya tsaya a hagu, sifikata ce. Ai wannan shi ne abin da ka fara koya."

Da ya yi hakan, Yaya, da abin ya zo da sauƙi. Amma kin san shi in ya tabbata da abu. Na ji muryarsa ta canja.

"Oga, amfilifayar nan jiya da yamma na saurare ta, ko numfashi ba ta yi. Kowane bawul da hannuna na auna shi a shagonka, kana gani. Ba ita ba ce." Ya juya wajen Kyaftin. "Ranka ya daɗe, gaskiya tun farko sifikokin nan ba su dace da amfilifaya mai bawul ba. A takarda an rubuta om takwas, amma in ganga ta sauka ƙasa faɗuwa suke yi, su shaƙe ta. Wanda ya sayar maka ya kamata ya gaya maka. Ta hagun nan kuma ina jin ta bugu a mota, ko dama can da ciwonta aka kawo ta."

Ƙugin nan na ta yi abinsa. Mama ta dube ni, na sunkuyar da kai. Ni a lokacin haushin Oga ma nake ji, ina cewa ashe ruɓaɓɓen kaya ya kawo zai ɓata wa mijina aiki.

To a daidai nan ne Kumatu, da ke tsaye riƙe da gwiwar Mama, ta hango wata kyanwa a bakin ƙofa. Ta saki gwiwar. Ta tsaya tana rawa kamar ɗan maye, hannuwa a sama, ta ɗaga ƙafa ta ajiye, ta ɗaga ɗayar, ta ƙara, ta ƙara, sannan ta zauna daɓas tana dariya. Yaya, na manta gidan wa nake. Na sure ta na faɗa ɗakin da gudu, har na yi tuntuɓe da wata waya mai kaurin maciji.

"Baban Kumatu! Ta taka! Wallahi ta taka, Mama shaida ce!"

Duk suka juyo. Kyaftin ya yi dariya, ina jin ma daɗi ya ji an katse musu. Ya ce, "Masha Allah, a gidana? To ai ta zama tamu." Oga ma ya saki fuska. Shi kuwa uban, murmushin yaƙe kawai ya yi, idonsa na cewa in fita. Amma kin san ni, in bakina ya buɗe sai ya ga dama yake rufuwa. Na ga manya na kallona suna fara'a, na ga kwalaben na walƙiya a gefe, sai na ji yau ranata ce gaba ɗaya.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ka ga yadda suke sheƙi ko? Ni na goge su da safen nan. Da ka ga ƙurar da ke kai!"

Oga ya ce a hankali, "Kin goge su, 'yata? Madalla. A tsaye kika goge su?"

"Ina! Ai tsumma ba ya shiga. Cire su na yi duka, ɗaya bayan ɗaya."

"Duka takwas."

"Duka. Har wani baƙin ɗigo-ɗigo da ke gindinsu sai da na kankare."

Na ji Baban Kumatu ya ja numfashi ta hanci. Ban gane ba. Oga ya ci gaba, muryarsa kamar mai lallashin yaro ya sha magani.

"Da kika gama, kowanne raminsa kika mayar da shi?"

Na yi dariya. "Oga, ai ramukan duk iri ɗaya ne. Ɗaya ma na ga ya ƙone ta ciki, ya yi baƙi, na canja shi da sabo daga kwalin da ke ƙarƙashin tebur. Shi bai ma lura ba."

Har da nuna Baban Kumatu da baki, Yaya. Har da nuna shi.

Oga ya juya. Ya taka zuwa bencin, ya sunkuya yana leƙa kwalaben hagu, ya kira Baban Kumatu da yatsa. Ɗaya daga ciki, ba ɗan jan nan na garwashi kawai yake yi ba, ƙarfen cikinsa gaba ɗaya ya fara yin ja kamar dutsen guga da aka manta a wuta. Oga ya miƙa hannu ya kashe. Ƙugin ya mutu. Sai a lokacin na ji yadda ɗakin yake da shiru, har ina jin Kumatu na tsotsar yatsa.

Baƙin nan da na gani, ashe haka ake yin su, shi ne ma alamar lafiyarsu. Ɗigon da na kankare kuwa shi ne lambar da ke nuna wa ke tafiya da wa. Na raba kowa da abokin tafiyarsa, na kuma ɗauko wanda ya faɗi jarrabawa na sa a cikinsu. Oga ne ya yi wa Kyaftin wannan bayanin, a taƙaice, bai ko dube ni ba. Ni dai ina tsaye da yarinya a kafaɗa, kafet ɗin nan mai nutsewa na ce ina ma ya haɗiye ni gaba ɗaya.

Na buɗe baki zan ce a yi haƙuri, Baban Kumatu ya riga ni.

"Ba laifinta ba ne. Ban gaya mata ba."

"Sosai ba laifinta ba ne," in ji Oga. "Ita gyara ta yi niyya. Kai fa? Ka ɗauko amfilifaya a mota, ta sha ramukan titi, ka zo ka kunna wa mutum a kan sababbin sifikokinsa ba ka ɗora mita ba. Ina mitar taka?"

Tana cikin jakarsa. Ko zuge jakar bai yi ba.

"Da ka ɗora ta, kafin ruwan shayi ya tafasa ka gane. Da ka musanya wayar da na ce, ka gane. Da ka leƙa gindin bawul ɗaya ma, ka gane. Ba ka yi ko ɗaya ba, sai ka ce na sayar wa mutum mushe."

Wallahi, Yaya, da ni ya zaga da ya fi min sauƙi. Mijina, da nake gani babu wanda ya kai shi, ya durƙusa a kan gwiwoyinsa a gabana, a gaban Mama da ta leƙo, ya ce, "Oga, na yi kuskure. Ka yafe min." Kunnuwan nan nasa da Oga ke tsokana, har rawa suke yi.

Kyaftin mutumin kirki ne, bai ɗaga murya ba. Ya tambaya ko wani abu ya lalace, Oga ya ce yana jin an kashe da wuri, amma sai an buɗe an duba, kuma dole a sake auna kwalaben duka daga farko. Kyaftin ya shafa hannun kujerarsa, sannan ya ce a kai ta shagon Oga, yaro ya ƙarasa aikinsa a can, amma Oga ya saurara da kunnensa kafin a dawo da ita. Zancen abokansa bai tayar ba. Ba wanda ya tuna masa.

Mama ta rako ni har mota, ta cusa wa Kumatu wata 'yar tsana, ta matse hannuna ta ce, "Ni na taɓa wanke masa faifai da ruwan zafi, 'yata. Duk mun yi." Na so in yi dariya, kuka ya zo a madadinta.

A motar Oga muka dawo. Da ya sauke mu ya leƙo ta taga ya ce wa Baban Kumatu, "Ka zo da kwalin nan gobe da wuri. Bencinka na nan, kaya kawai na jibga a kai."

Washegari kafin ya fita na ji shi a tsakar gida yana waya da mai ɗan shagon nan na bakin titi. Bai ja zancen ba. Ya ce a ba wani, shi ba yanzu ba. Ina kicin na toshe bakina da gefen zani.

Da yamma ya dawo, hannunsa duk baƙi. Na kawo ruwa, na kawo abinci, na zauna nesa kaɗan. Ya ce an sake haɗa su, ba abin da ya ƙone, kuma a kan sifika irin ta Kyaftin sak suka gwada, da aka ɗaura a om huɗu mai waƙar ta dawo tsakiya ta tsaya cak. Ya ce Oga ya saurara har faifan ya ƙare, bai ce ta yi kyau ba, cewa kawai ya yi a naɗe. Da sunan shagon Oga za a mayar da ita. Shi kuma zai ci gaba da zuwa, zuwa wani lokaci.

Na ce, "Baban Kumatu, don Allah ka yi haƙuri. Ni na jawo maka."

Ya daɗe yana wanke hannu a kwanon, ruwan ya yi baƙi bai daina ba.

Ya ce, "Ke kwalba kika goge. Ba ke kika ce sifikar mutum ta mutu ba."

Sannan ya jawo abincin, ya ce in matso mu ci, ya huce.